An hana shi karatun likita, ya ƙare da kyautar Nobel ta likitanci: Rayuwar Julius Axelrod

Ka taɓa juya katin parasitamol a hannunka ka tambayi kanka ko wa ya gano cewa wannan 'yar farar ƙwayar tana maganin ciwon kai? Ni kam ban taɓa ba sai kwanan nan. Daga Gehuru zuwa kasuwar Jega, daga Aliero zuwa Maiyama, babu kemis ɗin da za ka shiga ka rasa ta, kai ko mai tebur na bakin tasha yana da ita a jere da ashana da alawa. Mai dakon buhunan albasa ya sha, ɗalibar da ta raba dare tana karatu ta sha, tsohuwa ta kora ta da kunu. Amma ka tsayar da mutum goma ka ambaci sunan Julius Axelrod, da wuya ka samu ɗaya da ya taɓa ji.

Ba ciwon kai ne ya sa na ɗauko labarinsa ba. Lokacin fitowar sunayen waɗanda suka samu gurbin jami'a ne ke tuna min da shi. Ka san yadda abin yake: yaro ya cika likitanci, a gida kowa ya fara kiransa Dakta tun kafin a rubuta jarrabawa, sai suna ya fito an ba shi kemistiri. Ina da aboki da muka taso tare, haka ta faru da shi sau biyu a jere, a karo na biyu ya haƙura ya karɓa. Ya yi shekara guda cur in aka tambaye shi me yake karanta sai ya kawar da zancen. A majalisa kuwa ba a raga masa, kullum tsokanar ita ce ƙarshenta dai sabulun ruwa da turaren ɗaki zai riƙa haɗawa. In kai ma kana cikin wannan hali, ko ke, ko ƙaninka, to daure ka bi ni har ƙasa.

An haifi Julius Axelrod ranar 30 ga Mayu, 1912, a birnin New York na Amurka, cikin wata unguwar talakawa da baƙi 'yan ci-rani suka cika. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Poland, mahaifinsa kuma saƙar kwando ce sana'arsa. Burin yaron ɗaya ne, irin naka: ya zama likita. Ya shiga Jami'ar New York, shekara ɗaya kuɗi suka ƙare, ya koma City College, kwalejin da a wancan lokacin ba a biyan kuɗin makaranta. A can ya karanta ilimin halittu da kemistiri, ya gama a 1933. Abin dariya, darussan da ya fi cin maki a cikinsu su ne tarihi da adabi da falsafa. Mu 'yan aikin jarida wannan wurin yana mana daɗi.

Sai ya shiga neman makarantun likitanci. Duk inda ya tura takarda aka ƙi ɗaukarsa. Dalili biyu ne suka haɗu: makinsa mai kyau ne amma ba na zarra ba, sannan a wancan zamanin makarantun likitanci da yawa a Amurka suna ƙayyade yawan Yahudawan da za su ɗauka. Wato ga gazawa tasa, ga kuma wariya da ba shi da yadda zai yi da ita. Kuma 1933 tsakiyar karyewar tattalin arzikin Amurka ce, masu digiri na yawo da takardu a hammata babu aiki. Ya zauna jarrabawar aikin gidan waya, ya ci. Daidai lokacin kuma ya samu aikin yaron ɗakin gwaje-gwaje a makarantar likitanci ta Jami'ar New York, kan dala 25 a wata. Ya bar aikin gwamnati mai tabbas ya ɗauki na dala 25. Da a garinmu ne, da an tara masa kawunnai a yi masa faɗa.

Bayan shekara biyu kuɗin wannan ɗakin gwajin suka ƙafe. A 1935 ya koma wani ɗakin gwaje-gwaje da ke auna bitamin ɗin da kamfanoni ke cewa sun zuba a madara da sauran kayan abinci, a ga ko gaskiya suka faɗa. Kusan irin aikin da NAFDAC ke yi a nan. Yau ka auna wannan madarar, gobe ka auna waccan, jibi ka sake. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wurin. A nan ne wata kwalbar amoniya ta fashe masa a fuska ya rasa idonsa na hagu, ya ƙare rayuwarsa da ido ɗaya. Shi ya sa ma ba a ɗauke shi soja ba a Yaƙin Duniya na Biyu. A nan ne ya auri Sally Taub a 1938, malamar firamare, suka haifi 'ya'ya maza biyu. A nan ne kuma, in an tashi daga aiki, yake wucewa ajin dare, har ya samu digiri na biyu a kemistiri daga Jami'ar New York a 1941.

Masu ba da labarinsa sukan tsallake shekarun nan da sauri don su kai ga wurin daɗi. Ni kuwa a nan na fi tsayawa. Bitamin abu ne ɗan mitsitsi a cikin kofin madara, kuma hanyoyin auna shi da ke cikin littattafai ba kullum suke aiki ba, dole ya riƙa karanta mujallun masana yana gyara hanyar da kansa. Ba tare da ya sani ba, yana koyon abu ɗaya da daga baya zai fi kusan kowa iyawa: yadda ake kamo ɗan ƙanƙanin sinadari a cikin ruwan da ya cakuɗe da abubuwa dubu, a faɗi ko nawa ne. Duk abin da ya gano a ƙwaƙwalwa daga baya, da wannan makamin ya gano shi. Amma fa a lokacin shi kansa bai ga haka ba. Yana da shekara 33, da mata da iyali, kuma ya riga ya saki jiki cewa a nan zai tsufa.

A 1946 wata matsala ta iso teburinsa. Akwai wani maganin ciwon kai da ake sha sosai a lokacin, asetanilid. Yana aiki, amma wasu masu shan sa da yawa sai jininsu ya kasa ɗaukar iskar oksijin yadda ya kamata, leɓɓansu su yi shuɗi. Masu haɗa magungunan suka nemi a bincika dalili. Axelrod bai taɓa yin bincike irin wannan ba, sai aka tura shi wurin wani masani mai suna Bernard Brodie a asibitin Goldwater da ke New York, don ya ba shi shawara. Shawarar kwana ɗaya ta zama aikin shekaru.

Abin da Brodie ya nuna masa shi ne: magani ba ya zama yadda ka haɗiye shi. Jiki yana sarrafa shi, ya mayar da shi wasu sinadarai dabam. To, me jiki ke mayar da asetanilid? Nan gwanin awo ya samu filinsa. Suka bi maganin a cikin jini da fitsarin waɗanda suka sha, suka tarar ɗan kaɗan daga cikinsa yana komawa anilin, wanda shi ne ke ɓata jinin. Mafi yawansa kuwa yana komawa wani sinadari dabam, kuma wannan ne ainihin mai kashe ciwon. Sai suka ba da shawara a rubuce a 1948: me zai hana a bar asetanilid, a riƙa ba mutane wannan sinadarin kai-tsaye? Sunansa parasitamol.

Kar in yi maka ƙari: ba su ne suka fara haɗa shi ba. An haɗa shi tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, aka gwada, aka yi watsi da shi. Aikinsu ne ya tono shi. A 1955 ya shiga kasuwar Amurka da sunan Tylenol, a 1956 ya shiga ta Ingila da sunan Panadol, sunan da har yau kakanninmu ke kiran kusan kowace farar ƙwaya da shi. Kamfanoni suka kwashi dukiya, shi kuwa ya ci gaba da karɓar albashinsa. Af, tunda muna kan zancen: hantarka ce ke sarrafa ƙwayar nan, kuma in ka zarce kima ita take fara lalatawa. Masu watsa huɗu ko biyar a baki lokaci guda don wai gajiya ta yi yawa, ku ji da kyau.

A 1949 ya koma Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda a jihar Maryland, a sashen binciken zuciya, inda Brodie ma ya koma. A can ya bi diddigin yadda jiki ke sarrafa kafeyin na kofi da shayi, da amfetamin, da efedirin. Yana gwaji da hantar zomo sai ya gano wasu enzayim, wato sinadaran da ke aikin narka wasu sinadarai, waɗanda su ne ke lalata magunguna a cikin hanta. Yau babu ɗalibin haɗa magunguna da zai gama karatu bai haddace wannan dangin enzayim ɗin ba. Amma da babbar takardar aikin ta fito a mujallar Science a 1955, sunaye bakwai ne a kai, na Brodie a gaba. Axelrod ya ji an danne masa haƙƙi, kuma abin ya ɓata tsakaninsa da maigidan nasa shekaru masu yawa.

Ga kuma wata damuwar: ba shi da digirin digirgir. Yana da tarin takardun bincike da aka buga, amma a idon ofis shi ma'aikacin ɗakin gwaji ne kawai. Yara da suka zo bayansa da Dakta a gaban sunansu suna wuce shi. Don haka duk mai ce maka takarda ba komai ba ce, ƙwarewa ita ce komai, ka ba shi labarin nan. Mutumin ya fi su iyawa, amma sai da ya koma aji. A 1954 ya ɗauki hutu ya shiga Jami'ar George Washington a matsayin ɗalibi, ya zauna benci ɗaya da samarin da ya kusa haifa. An yarda ya haɗa binciken da ya riga ya yi a cikin kundinsa, saboda haka shekara ɗaya ta ishe shi. A 1955, yana da shekara 42, ya samu digirin digirgir a ilimin magunguna.

Yanzu muka zo wurin ƙwaƙwalwa. A wannan shekarar aka ɗauke shi a Cibiyar Binciken Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, aka ba shi ɗakin gwajinsa na kansa. Mutumin da bai taɓa karanta ilimin jijiyoyi ba, ba likita ba, ba masanin halayyar ɗan Adam ba. Shi kansa abin ya dame shi da farko. Abin da ya rage masa shi ne ya yi wa ƙwaƙwalwa tambayar da ya saba yi wa madara da hanta: wane sinadari ne a nan, nawa ne, kuma ina yake tafiya?

Bari in ɗan yi maka bayani, don sai da shi za ka ga girman abin. Ƙwayoyin jijiya ba a haɗe suke kamar wayar lantarki ba. Tsakanin wata da wata akwai ɗan rata. In saƙo ya zo bakin ratar, sai jijiyar farko ta saki wani sinadari ya tsallaka ya isar. Ka ɗauke shi kamar yaron aike tsakanin gida biyu. Ɗaya daga cikin yaran aiken nan shi ne noradirenalin, ɗan'uwan adirenalin. Su ne ke sa gabanka ya faɗi, zuciyarka ta hau dukan uku-uku in mota ta yanko kan babur ɗinku. Tambayar ita ce, bayan yaron ya isar da saƙo, ina yake zuwa? Dole a kawar da shi, in ba haka ba zuciya ba za ta lafa ba.

Farkon shigarsa ma da tuntuɓe ya fara. Wasu likitoci a Kanada sun kawo ra'ayin cewa ciwon taɓin hankalin nan mai sa mutum jin muryoyi yana faruwa ne saboda jiki na mayar da adirenalin wani sinadari mai launin hoda. Axelrod ya yi watanni yana neman enzayim ɗin da ke wannan aikin, bai samu ba. Amma neman ya sa ya san adirenalin ciki da bai. A 1957 ya ci karo da wani ɗan gajeren rahoto kan sinadarin da aka gani a fitsarin wasu marasa lafiya, ya bi wannan zaren, ya gano sabon enzayim da ke lalata adirenalin da noradirenalin, wanda ake taƙaita sunansa da COMT. Yau akwai magungunan cutar karkarwa ta Parkinson da aikinsu shi ne taka wa wannan enzayim ɗin birki.

Da wani ne, da nan ya tsaya ya ce an gama: yaron aike ya isar da saƙo, enzayim ya kashe shi. Haka kowa ya zata, domin haka aka san wani yaron aiken, asetilkolin, yake ƙarewa. Sai dai lissafin bai fita ba. Ko an toshe enzayim ɗin da ke lalata noradirenalin, tasirinsa a jiki yana ɓacewa da sauri kamar ba a toshe komai ba. Ashe akwai wata hanya.

Ka san yadda 'yan albasa a Aliero ke yi wa buhu alama da fenti kafin a loda a mota, don in an sauke a kudu kowa ya gane nasa? Haka ya yi. Ya samu noradirenalin da aka yi wa alama da tiritiyom, wani nau'in haidurojin mai fitar da ɗan haske da ido ba ya gani amma na'ura na kamawa. Aka yi wa dabbobi allurarsa, aka bi sawu. Sai aka ga sinadarin bai lalace ba, yana taruwa a sassan jikin da jijiyoyi suka fi yawa, kamar zuciya da saifa. Don a tabbatar, shi da wani abokin aikinsa daga Ostiriya, Georg Hertting, suka cire wa kyanwa wani ƙullin jijiya a gefe ɗaya na wuya, suka bar ɗaya gefen, suka jira jijiyoyin wancan gefen suka mutu. Da aka yi allurar, gefen da jijiyoyinsa ke raye ya kwashe sinadarin, ɗaya gefen kuwa kusan fayau. A 1961 magana ta fito fili: jijiyar da ta aiki yaron ita ce ke janye shi ya koma gida, ta ajiye shi, ta sake aikensa.

To me ya shafe ka? Ya shafe ka ƙwarai. Sun gwada hodar iblis, suka ga abin da take yi shi ne kulle ƙofar komawa gida. Yaron ya maƙale a ƙofar maƙwabta yana ta maimaita saƙo, zuciya na bugu, ido ya bushe, mutum yana jin kamar shi ne sarkin duniya, har abin ya ci shi. Suka gwada imipiramin, maganin ciwon tsananin damuwa da likitoci ke bayarwa ba tare da sun san yadda yake aiki ba, suka ga shi ma ƙofar yake turawa, amma ta hanyar da likita zai iya aunawa. Daga nan masu haɗa magunguna suka san abin da za su nema, har aka kai ga irin su Prozac da ya fito a 1987. Amitiriptilin da likitocin ƙwaƙwalwa ke rubutawa a asibitoci irin na Kware a Sakkwato, ta wannan ƙofar yake bi. Har tiramadol ɗin da ke cin samarinmu a gona da tasha, ban da aikinsa irin na dangin opiyom, yana taɓa wannan ƙofar ta noradirenalin da ta serotonin. Masu zarce kima kuwa ka sha ganin yadda suke faɗuwa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya.

Wannan binciken ya taimaka wajen sauya yadda duniya ke kallon ciwon damuwa: ba lalaci ba ne, ba raki ba ne, ciwo ne da ke da alaƙa da aikin jiki, kuma ana maganinsa. Sinadarai ba su ne dukan labarin ba, masana na ci gaba da muhawara a kai, amma ƙofar asibiti ta buɗe wa mutane da yawa da a da sai dai a kulle su a ɗaki.

Ya kuma yi aiki kan wani ɗan ƙululu a tsakiyar ƙwaƙwalwa da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, mai fitar da melatonin. Shi da ɗalibinsa Richard Wurtman suka nuna cewa haske da duhu ne ke juya yadda ake samar da wannan sinadarin: duhu ya ƙara shi, haske ya rage shi. In ƙarfe biyun dare ta same ka kana TikTok barci ya ƙi zuwa, to ka tuna da wannan sakin layin.

A watan Oktoba na 1970 yana wurin likitan haƙori labari ya iske shi cewa ya ci kyautar Nobel ta fannin likitanci, tare da Bernard Katz na Birtaniya da Ulf von Euler na Suwidin. Shekararsa 58, shekara 15 kacal da samun digirin digirgir, shekara 37 da makarantun likitanci suka mayar masa da takardunsa.

Ba zan yaudare ka ba, ƙasarsa ba tamu ba ce. Ya samu ajin dare mai inganci, ya samu gwamnatin da ke zuba kuɗi a bincike, ya samu lantarkin da ba ya ɗaukewa a tsakiyar gwaji. Ɗalibin kemistiri a nan sau da yawa a allo yake ganin na'urar da zai amsa tambaya a kanta. Kuma dubban da aka hana likitanci tare da shi babu wanda ya san inda suka ƙare. Abin da na ɗauka a labarin ƙarami ne amma na tabbata da shi: ilimin ƙwaƙwalwa ba gadon likitoci kaɗai ba ne, rabinsa kemistiri ne, kuma wanda ya iya awo da hannunsa yana da abin shiga da shi. Jami'ar kimiyya da fasaha tana nan a Aliero, a ƙofar gidanmu, ana koyar da kemistiri da bayokemistiri.

Bayan kyautar bai sauya zama ba. Teburinsa yana cikin ɗakin gwajin, kusa da na ɗalibansa, ba a wani keɓantaccen ofis ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ya horar, irin su Solomon Snyder da Leslie Iversen, sun zama manya a fannin. Ya yi ritaya a 1984 amma ya ci gaba da zuwa aiki a matsayin mai bincike. Sally ta rasu a 1992. Shi kuma ya mutu ranar 29 ga Disamba, 2004, a Rockville ta jihar Maryland, yana da shekara 92.

Abokin nan nawa yana ajin ƙarshe yanzu. Da na ba shi labarin nan a hutun da ya wuce, muna zaune wurin mai shayi a Jega, na zaci kyautar ce za ta burge shi. Ina! Kwalbar amoniyar nan ce ta tsaya masa a rai. Da aka koma makaranta ya turo min hotonsa a WhatsApp, tsaye a ɗakin gwaji, sanye da tabaran kariya da ya saya da kuɗinsa.